Murfin Bitrus a Hanyar Maraɗi

Tun da na yi tafiyar nan ta ƙasar Maraɗi ban huta da tambaya ba. A kasuwar Bakori a tare ni, a wurin suna a tare ni, har wanzamina yakan dakatar da aska a tsakiyar kaina ya ce, "Wai Malam Sale, da gaske ne abin da ake faɗa?" Kowa kuma da yadda labarin ya iso masa. Wani ma cewa ya yi ya ji raƙumi ne ya jawo motata har gida. To, ga zancen daga bakin mai shi, kowa ya huta.

Ni mutumin Tsiga ne, manomi. A shekarun da auduga take auduga, Allah ya hore mini na sayi akori-kura, ta hannu ce amma lafiyayya. Da ita nake kai hatsi Funtua, in ɗauko taki, wani lokaci in leƙa Danja ɗaukar mazarƙwaila. Abin da ya dame ni da ita shi ne bayanta a buɗe yake. Tamfol na farko iska ta yage shi, na biyu kuwa wani bawan Allah ya kwance shi a tasha ina cikin masallaci.

Ana nan sai wani falke ya kawo labarin cewa damina ta yi gardama bara a ƙauyen da Gwaggo Hassi take aure, can gabas da Maraɗi, rumbuna duk sun zama wayam. Gwaggo Hassi ƙanwar mahaifina ce, su biyu suka rage a ɗakinsu. Tun kafin a haife ni aka kai ta can, sau ɗaya na taɓa ganinta ina yaro. Baba a lokacin ya tsufa, idanunsa sun rufe. Ya sa aka kira ni zaure, ya ce, "Sale, ka kai wa Hassi abinci. In ta yarda kuma, ka zo mini da ita. Idona ya tafi, amma kunnena yana nan."

Ga shi ruwa ya fara sauka. Wanda zai ɗauki gari a buɗaɗɗiyar mota a farkon damina, kunu zai kai, ba gari ba. Sai na nufi rumfar Bitrus.

Bitrus abokina ne tun muna kiwon awaki. Kirista ne, iyayensa mutanen wajen Malumfashi, ya koyi kafinta da walda a wurin 'yan mishan, ya buɗe rumfarsa a Funtua. Na ce ya ɗinka mini rumfar tamfol mai ƙarfe. Ya zagaya motar yana sosa ƙeya, ya ce, "Bar tamfol. Murfi zan yi mata, mai tauri, falle uku, mai naɗewa kamar shafukan littafi. In kana son rabi ka buɗe rabi, in kana son duka ka naɗe shi gaba. Ka sa kwaɗo ka tafi sallarka."

Ya haɗa kowane falle da ƙarfe a gefe, katako a ciki, ya lulluɓe da langa-langa, ya shafa koren fenti. Ranar ɗorawa aka sha gardama. Fallen farko ya zauna daram a bayan gidan direba. Na ce kada a huda mini jikin mota, ya ce in ba a huda ba iska za ta kai murfin Kano ta bar ni a hanya. Na haƙura, ya huda, ya ɗaure shi da noti. Sauran biyun a kan hinji suke, kowanne da dogon tsinken ƙarfe da ake iya zarewa. Na biyu ya zauna. Na uku ya ƙi. Gefe guda ya kwanta, gefe guda ya ɗaga baki kamar yana dariya.

Na ce, "Bitrus, awonka ya yi ƙarya."

Ya ce, "Awona bai taɓa ƙarya ba. Motarka ce karkatacciya."

Ashe da gaskiyarsa, don wani bijimi ya taɓa tunkuyarta a kasuwar shanu, ƙugunta ya ɗan shige. Ya yi ta goga da zarto har ya zauna. Sannan ya yanka tsohon tiyub ya manna a bakin bodi da tsakanin fallayen don kada ruwa ya sami hanya.

Masu wucewa suka taru. Wani mai faci ya ce, "Bitrus ya saba yi wa mutanen cocinsu akwatin gawa, yau ya yi wa mota nata." Aka fashe da dariya. Bitrus bai kula ba, ya ce in shiga in kwanta. Na ce don me? Ya ce, "Wanda zai yi shaida shi ne na ciki." Na shiga, ya rufe, na ji ana ta sheƙa bokitan ruwa a kaina kamar ana buga ganga. Da aka buɗe na miƙe a bushe, in ban da ɗigo ɗaya da ya same ni a kunne. Mai facin nan ya ɗaga murya, "Jama'a, gawa ta tashi!" Bitrus ya ƙara roba a wurin ɗigon, ya ce shi ma da shi za a yi tafiyar, yana son ya ga yadda aikinsa zai yi da hanya. Ni dai na san bai taɓa wuce Katsina ba ne, yana son buɗe ido.

Murfi yana da ladabinsa: ba ya yarda a yi masa tuli. Dole buhunan suka kwanta a jere, dawa a gaba, garin masara a baya, muka cusa mazarƙwaila da barkono da daddawa a tsakani, da turmin atamfa da uwargidana ta bayar. Muka tashi da sassafe, muka bi ta Malumfashi, muka karya da ƙosai a Kankiya. Duk inda muka tsaya sai an zo an ƙwanƙwasa murfin an tambayi abin da ke ciki. A Katsina wani dattijo ya ce mana mu ji tsoron Allah, kada mu bar mamaci a rana.

A Jibiya, ma'aikacin kwastan ya sa aka buɗe. Da ya ga hatsi ya ɗaure fuska, don ba a yarda a fita da shi fatauci ba. Na ba shi labarin Baba da Gwaggo. Ya kira babbansu, wani mai furfura. Shi kuma ya leƙa, ya ga daddawa da atamfa, ya ce, "Wannan ba fatauci ba ne, zumunci ne. Falke ba ya rage wa motarsa ciki da murfi. Ku gaishe ta."

Da muka tsallaka iyaka muka isa Ɗan Isa, sai muka tarar da ofis a rufe, rana tsaka. Na zaci rasuwa aka yi. Wani direban babbar mota ya ce a'a, haka suke, in rana ta take kowa sai ya tafi ya kwanta, har mai mulki, sai ta yi sanyi a dawo. Bitrus ya ce, "Ashe akwai ƙasar da gwamnati ke ba da umurnin barci, ni ina can ina ƙona idona da walda." Muka shimfiɗa tabarma a inuwar mota. Da suka dawo, ga manyan motoci a gabanmu, ba a zo kanmu ba sai da rana ta yi gora, ta kusa faɗuwa.

Jandarman da ya zo dogo ne siriri, kakinsa a goge. Hausa ce a bakinsa, amma sai ka kasa kunne. Ya ce, "Sannunku da tahiya. Mi a cikin wanga akwati?" Bitrus ya buɗe kwaɗo da yanga, ya naɗe falle na uku a kan na biyu, ya ɗaga su tare sama. Ni kuma na sunkuya na tura kaina ciki zan jawo buhun da jandarman ya nuna. Bitrus bai kai ga sa sandar tokarewa ba sai muka ji an busa ƙaho.

Wuri ya yi tsit. Ashe tuta ake saukewa, kuma a can in ana sauke tuta ko kaza ba ta motsi. Mai shayi ya ƙame da buta a hannu, wata mai tallan gyaɗa ta tsaya da ƙafa ɗaya a gaba. Jandarma ya buga ƙafa ya sara, ya ce mana ta gefen baki, "Kada wanda ya motsa!" Ga Bitrus hannu biyu a sama ɗauke da ƙarfe, ga wuyana a ƙarƙashi kamar na ragon layya.

Ya ce a hankali, "Sale, hannuna na rawa."

Na ce, "Riƙe, don girman Allah."

"Na gaya maka falle biyu ya isa, ka ce uku."

"Kai ka ce uku!"

Tutar nan kuwa tana saukowa a hankali kamar tsohuwa na sauka daga rumbu. Da ƙahon ya yi shiru na fizge kaina, murfi ya faɗo gwaram. Jandarman ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya sa muka naɗe muka buɗe ya fi a ƙirga, ya kira abokan aikinsa su gani, yana cewa, "Mutanen Ingilishi akwai dabara!" Haka suke kiranmu, kamar yadda mu ma muke ce musu mutanen Faranshi. Ya buga mana hatimi, ya kwatanta mana gidan wani fatoma mai saukar baƙi a Maraɗi.

Fatoman ya karɓe mu hannu bibbiyu. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, mai ƙamshin man shanu. Ni da na saba da tuwon masara fari sol sai na ji shi da ɗan yashi-yashi, amma yunwa ba ta zaɓe. Bitrus ya ce ɗaki ya yi masa zafi, ya hau murfinsa ya kwana a kai. Da safe aka kawo mana burodi dogo kamar sandar makiyayi, bayansa tauri, cikinsa iska. Bitrus ya gatsa ya ce wannan ai sai da zarto. Aka nuna mana tsoma shi ake yi a kwanon kofi da madara. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gari guda babu mai danna oda. A Funtua direban da bai danna oda ba ai sai a zaci motarsa ta mutu.

Daga Maraɗi muka ɗan bi kwalta, sannan muka sauka hanyar jakuna. Nan na san abin da ake kira rairayi. Mota na tafiya tana rausaya kamar mai ciki. Wajen azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Muka iso wata busasshiyar ƙorama mai faɗi, na sa giya na afka. Muna kai tsakiya ƙafafun baya suka nutse. Na ba ta wuta, ta ƙara tona wa kanta rami.

Muna cikin tono da hannu sai ga wani Buzu a kan raƙumi, fuska a naɗe, takobi a kafaɗa. Ya yi sallama, ya dubi sama, ya dubi mota. Ya ce ruwa ya riga ya sauka a can sama, kuma duk abin da ya zuba can ta nan yake biyowa. "In kuna son ƙarhenku, ku hidda shi yanzu."

Babu itace a wurin, babu dutse, sai 'yan ƙayoyi. Na dubi murfi, na dubi Bitrus. Ya gane. Ya ce, "A'a, Sale. Fentin ko wata bai yi ba."

Na ce, "In mun cire shi ruwan sama ya jiƙa gari. In mun bar shi ruwan ƙasa ya tafi da gari da mota da fentinka."

Bitrus ya haye bayan motar. Ya ɗauko guduma ya doke tsinken hinji na farko, ya zare, ya zare na biyu. Buzun ya durƙusar da raƙuminsa, muka sauke buhunan gari muka kai tudu a guje, shi ma yana ɗauka. Muka tone gaban ƙafafun, muka cusa fallayen biyu a ƙarƙashi. Iska ta taso tana watsa mana yashi a baki. Na shiga na tayar, su biyu suna turawa. Na ji ƙarfe ya yi ƙara a ƙarƙashina, na ji Bitrus ya yi ƙara irin tasa a baya, mota ta yi tsalle ta hau. Ta ɗan tafi ta sake nutsewa. Muka jawo fallayen muka sake shimfiɗawa. Haka muka yi ta yi, taki kaɗan-kaɗan, har ƙafafun gaba suka kama ƙasa mai tauri.

Ɗigon farko ya same mu muna mayar da buhuna. Fallen tsakiya ya lanƙwashe kamar kwanon tuya, tsinke ya ƙi shiga. Bitrus ya kifa shi a ƙasa ya hau yana tsalle a kai, Buzu ya taya shi, ya ɗan miƙe. Ina riƙe, yana duka, ruwa na ƙaruwa. Tsinke ya shige da ƙyar. Inda ya ƙi haɗuwa na tuɓe babbar rigata na cusa, muka rufe, muka danna kwaɗo. Sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

Mu uku muka matsu a gidan direba, da takobi da komai. Ba a jima ba muka ji ruri. Ruwa ja wur ya gangaro ƙoramar nan ɗauke da kututture da matacciyar tunkiya, ya shafe ramin da motata ta tona kamar ba a taɓa yi ba. Da aka ɗauke, Buzun ya fito da 'yar butarsa da gawayi daga jaka, ya dafa mana shayi a kan murfin, mai ɗaci a ɗan kofi kamar na awon turare. Na ba shi mazarƙwaila, ya lasa, ya ce ƙasar da ke yin wannan ba ta da dalilin yin faɗa.

Da la'asar sakaliya muka shiga ƙauyen. Wanda ya fara tare mu Isuhu ne, babban ɗan Gwaggo, taubashina da ban taɓa gani ba. Ya dube ni daga ni sai 'yar shara, jikina duk laka, ya ce, "Wanga shi a ɗan kawun nawa? An ce mai mota na, ashe ko riga ba ya da." Na ce rigata tana gadin abincinsa, in ya yi haƙuri zai gani. Gari ya taru. Bitrus ya buɗe murfi. Rigata ta jiƙe sharkaf, bakin buhu ɗaya ya ɗan yi danshi, sauran kuwa na tura hannu cikin gari na ɗebo ya zubo ta tsakanin yatsuna a bushe. Mata suka rangaɗa guɗa. Bitrus ya juya baya yana goge ido, wai yashi ne.

Gwaggo Hassi 'yar ƙaramar tsohuwa ce, hancinta da goshinta na Baba sak. Ta kama fuskata tana juyawa kamar mai sayen ƙwarya. A daren ta sa aka tuƙa tuwon masara, ta ce rabonta da shi tun tana budurwa, aka rarraba wa maƙwabta gida-gida. Su kuwa suka cika mu da fura. A wurinmu fura abin sha ce bayan an ci abinci, a wurinsu ita ce safe, ita ce rana.

Da na kawo maganar tafiya ta ce atafau ba ta zuwa. A kan jaki aka kawo ta, ba ta taɓa shiga mota ba, ba kuwa za ta fara da tsufa ba. Isuhu ma ya ce ga shuka ta kama, wa zai kula da gida? Na kwana biyu ina lallashi. Da na ga ba ci gaba, sai na faɗa mata maganar Baba yadda ya faɗe ta. Ta tashi ta shige ɗaki. Washegari na fito na tarar da ita zaune a gindin mota da ƙunshin kayanta, da jar akuya a ɗaure, da wata tsohuwar randa da ta kai mini ƙugu.

Na ce, "Gwaggo, randa ba za ta shiga ba, ta fi murfin tsawo. Akwai randuna a gida."

Ta ce, "Ruwan wagga randa nika sha. In ba ta zuwa, ba ni zuwa."

Nan murfi ya nuna amfaninsa. Bitrus ya naɗe falle biyu gaba ya ɗaure su da igiya, ƙunshin kaya da kilishin da aka ba mu suka shige ƙarƙashi, baya ya zama fili. Muka zaunar da randa a cikin tsohuwar taya muka cusa mata ciyawa, akuya a gefenta. Gwaggo ta zauna tsakaninmu. Ina tayar da mota ta damƙe hannun Bitrus, ba ta sake shi ba har muka hau kwalta, tana salati, shi kuma yana amsa mata da amin. Ƙoramar nan ta janye, yashi ya daddale, muka wuce lafiya. A bakin iyaka jandarmanmu ya sara wa Gwaggo. Sai da muka tsaya shan mai a Katsina muka ga akuya ta cinye robar bakin bodi kaf, tana tauna ragowar tana kallonmu. Bitrus ya ɗora hannu a ka ya ce, "Yashi bai ci ni ba, ruwa bai ci ni ba, sai akuya."

Daga Kankiya ƙasa ta fara yin kore. Gwaggo ta daina salati, ta koma kiran sunayen itatuwa ɗaya-ɗaya kamar mai gaida dangi: ga ɗorawa, ga kaɗanya, ga ɗinya.

Mun tarar da Baba a zaure, kan buzunsa. An ce tun ranar da muka tafi duk ƙarar motar da ya ji sai ya tambaya. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama, ta ce, "Mun iske ku lahiya?"

Baba ya karkata kai. Ya ce, "Sale, na aike ka ɗauko ƙanwata, wace Bafaranshiya ce ka kwaso mini?"

Gwaggo ta ajiye sandarta. Ta ce, "Cinnaka. Har yau bakin nan naka bai mutu ba?"

Ni ban taɓa jin wannan suna ba, babu kuma wanda ya taɓa jinsa a gidanmu. Mutumin da in ya yi gyaran murya gida ke yin tsit, ashe akwai lokacin da yake ɗan ƙiriniya mai cizon yara. Baba ya miƙa hannu biyu cikin iska yana lalube, ta zo ta durƙusa ta sa kanta a tsakaninsu. Yana dariya, hawaye na bin gemunsa, yana cewa, "Ita ce. Wallahi ita ce."

Na ja hannun Bitrus muka fita, muka bar musu zauren. To, masu tambaya, abin da ya faru ke nan, kuma raƙumi bai ja motar kowa ba. Sai dai ina roƙon arziki: duk wanda ya je gaida Baba, ya bar sunan nan a bakin ƙofa. Mutum ɗaya ce a duniya take da izinin faɗarsa.